Ma'anar kalmar "calcareous" a takardar gwajin ƙasar noma

Manomin Gamawa ko Azare da ya kai ƙasar gonarsa gwaji yana iya cin karo da kalmar "calcareous" a takardar sakamako. Kalmar Turanci ce mai tushe daga Latin, tana siffanta abin da sinadarin alli ya yi yawa a cikinsa, kamar dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe domin yin siminti. Ba kanwa ake nufi ba.

Irin wannan ƙasa takan yi kumfa idan aka ɗiga mata ruwan lemun tsami. A cikinta shuka kan kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya yi ɗorawa. Takin yuriya kuwa, muddin aka watsa shi ba a binne ba, wani kaso nasa iska zai bi.