Margareth Menezes: Mawaƙiyar Bahia da aka damƙa wa ma'aikatar da aka rushe

A watan Janairun 2023 ne Shugaba Lula da Silva ya naɗa Margareth Menezes ministar al'adu ta Barazil, inda ta zama baƙar mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami. Sai dai ma'aikatar da aka ba ta ba ta nan a lokacin, domin Jair Bolsonaro ya soke ta a 2019, ya mayar da ita wani sashe a ƙarƙashin wasu ma'aikatu. Ko mako guda ba ta yi a ofis ba, magoya bayan Bolsonaro suka afka wa fadar shugaban ƙasa da majalisa da kotun ƙoli a ranar 8 ga Janairu, suka lalata kayan tarihi, har da wani zanen Di Cavalcanti da suka huhhuda.

An haifi Margareth a 1962 a birnin Salvador na jihar Bahia. Da wasan kwaikwayo na daɓe ta fara, kafin waƙa ta rinjaye ta. Sunanta ya fito ne a 1987 da waƙar "Faraó", wadda Luciano Gomes ya rubuta wa ƙungiyar makaɗan Olodum. Kafin nan, kiɗan ganguna da ake kira samba-reggae na titi ne, matasan unguwannin baƙar fata ke buga shi a bikin kanibal, kamfanonin faifai kuwa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Waƙar, wadda ke alfahari da tsohuwar Masar a matsayin ƙasar Afirka, tana cikin waɗanda suka shigar da kiɗan gidajen rediyo.

Daga nan mawaƙin nan David Byrne ya ɗauke ta rangadin ƙasashe, faifanta mai suna "Elegibô" kuma ya hau saman jadawalin Billboard na kiɗan duniya. Mai karatu a Nijeriya zai iya gane sunan: daga Elejigbo ya samo asali, wato sarautar garin Ejigbo da ke Jihar Osun. Ba abin mamaki ba ne a Bahia, inda aka sauke bayi Yarabawa da Hausawa masu yawa, kuma a Salvador ɗin ne Musulmi bayi suka yi boren da ake kira Malê a 1835.

Aikin ofis, ba shakka, ya fi dandamali wuya. An daɗe ana kukan cewa Dokar Rouanet ta 1991, wadda ke ba kamfanoni damar tallafa wa masu fasaha a rage musu haraji, ta fi amfanar São Paulo da Rio de Janeiro, tunda kamfani ne ke zaɓar wanda zai ba kuɗi. A kan haka ne Dokar Paulo Gustavo ta bi wata hanya: ta ware kusan biliyan 3.9 na kuɗin ƙasar, wato real, a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi kai tsaye. Bolsonaro ya ƙi sanya mata hannu a 2022, majalisa ta yi gaban kanta ta tabbatar da ita, aiwatarwa kuma ta faɗo kan Margareth. Tura kuɗi shi ne mai sauƙi. Ƙaramar hukumar da ba ta da ko ofishin al'adu sai ta tsara yadda za ta tantance masu nema, ta kuma bayar da bahasin kowane kwabo.

Ba ita ce ta fara barin dandamali zuwa wannan kujera ba. Gilberto Gil, shi ma ɗan Salvador, wanda ya halarci bikin FESTAC a Legas a 1977, ya riƙe ma'aikatar daga 2003 zuwa 2008. Kamar shi, Margareth ba ta daina waƙa ba, kuma a nan 'yan adawa suka sami abin kamawa, musamman kan wasannin da ta yi a bikin kanibal na 2025 waɗanda hukumomin birane suka biya. Hukumar ɗa'a ta fadar shugaban ƙasa ta amince mata ta riƙa yin wasa, da sharaɗin kada a biya ta da kuɗin gwamnatin tarayya.