Jita Mai Doro: Abin da Ake Biya da Abin da Ake Samu

A shekarar 1934, lokacin da karayar tattalin arziki ta yi wa Amurka katutu, masana'antu na rufewa, mutane na bin layin karɓar abinci, kamfanin Gibson na garin Kalamazoo a jihar Michigan ya fito da wata ƙatuwar jita mai faɗin inci 18, ya raɗa mata suna Super 400. Farashinta ne aka liƙa mata a suna: dala 400, kuɗin da a wancan zamani ya kusa sayen sabuwar mota. Tun daga nan irin wannan jita, wadda fuskarta da bayanta suka yi doro, ta zama abin da ake dangantawa da masu hannu da shuni. A shagunan kayan kiɗa sunanta archtop. Matashin da ya ji kiɗan jaz ya kamu da sonta, da ya leƙa farashi sai jikinsa ya yi sanyi, domin wadda gwanin masassaƙi ya yi da hannunsa a yau takan kai dala 10,000, wani lokaci ta wuce nesa.

Ina ganin bai kamata ya karaya ba, amma sai ya fara sanin me ake biya wa wannan kuɗi.

Jitar da aka saba gani fuskarta shimfiɗaɗɗen falanki ne siriri, da rami zagayayye a tsakiya. Orville Gibson, wanda kamfanin ke ɗauke da sunansa, a shekarun 1890, ya bi wata hanya dabam, hanyar masu yin biyolin. Ana ɗaukar katako mai kauri a raba shi biyu, a haɗa gefe da gefe, sannan a yi ta sassaƙa ciki da waje kamar yadda masassaƙi ke fitar da akushi daga kututture, har doron ya fito. Fuska ana yin ta da icen sufurus, mai sauƙin nauyi da ƙarfi, baya da gefuna kuma da icen mafal. Kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina: tsakiya ta fi kauri, bakin ya fi siranta don fuskar ta samu damar motsi. Mai aikin yana kankara yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare, domin kowane ice da halinsa. Yawancin katakon da aka saya da tsada yana ƙarewa ne a ƙasa, ya zama ɓawon sassaƙa. Ga asarar ice, ga makonni na aikin hannu, ga shekarun da mutum ya yi kafin kunnensa ya waye. Kuɗin ke nan.

Lloyd Loar, wanda ya shiga Gibson a 1919, shi ya kammala siffar da jitar L-5 a farkon shekarun 1920. Ya toshe ramin tsakiya, ya yanka tsaga biyu masu lanƙwasa irin na biyolin, ɗaya a kowane gefe. Tsarkiyoyin ba a fuska ake ɗaure su ba, suna kama wani ƙarfe ne a gindin jitar, su hau kan jaki, wato ɗan icen da ke ɗauke da su, shi kuwa jakin ba a manne shi ba, nauyin tsarkiya ne kawai ke danne shi. Sautin da ke fita gajere ne mai kaifi, yana bugowa ya ɗauke nan take. Abin da makaɗan manyan ƙungiyoyin rawa na wancan zamani ke nema ke nan, domin suna zaune ne tsakanin masu busa ƙahonni goma sha wani abu, ba lasifika, kuma dole a ji su. Eddie Lang ya sa makaɗan jaz da dama suka ajiye banjo suka ɗauki jita. Freddie Green ya yi kusan shekara hamsin a ƙungiyar Count Basie, daga 1937, yana buga huɗu a kowace gaɓa da jita mai doro. A New York, John D'Angelico ya buɗe shagonsa a 1932, kuma duk rayuwarsa jitocin da ya yi ba su kai 1,200 ba, shi ya sa yau masu tara kayan tarihi ke rububinsu.

Sai wutar lantarki ta shigo, lissafin ya sauya. A 1936 Gibson ta fitar da ES-150 mai maɗaukin sauti na maganaɗisu, Charlie Christian ya ɗauke ta ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, jita ta fara jan baki kamar kowane ƙaho. Amma nan wata matsala ta ɓullo. Fuskar da aka sassaƙa don ta yi rawa da ɗan motsi kaɗan, ita ce kuma ke karɓar ƙarar lasifika ta mayar, sai jitar ta ɓarke da kuwwa mai toshe kunne. Alherinta ya zama cikas. Wani maganin da aka samu shi ne ES-175 ta 1949, mai farashin dala 175, wadda aka yi jikinta da siraran fallayen katako da aka manne aka matse cikin mazubi har suka ɗauki doro. Filawud ke nan, ba wani ɓoye-ɓoye. Da ita Joe Pass da Jim Hall da Herb Ellis suka yi aiki shekaru, ita ce kuma Pat Metheny ya daɗe yana riƙe da ita. Sautin nan mai taushi da ɗumi da mutane da yawa ke ji a faifai su ce shi ne jaz, kaso mai yawa na fitowa ne daga jikin filawud.

A nan ne mai neman ta araha ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa gaskiya. In a ɗaki zai zauna yana kaɗawa ba wuta, yana son ya ji ice na numfashi, to sassaƙaƙƙiyar fuska tana da amfanin da kunne ke ji, kuma babu abin da ya maye gurbinta. In kuwa da amfilifaya zai hau dandamali, kusa da mai ganga, to biyan kuɗin sassaƙa biyan abin da zai dawo yana yaƙi da shi ne. Akwai makaɗan da ke cusa soso a tsagar jitarsu mai tsada don su kashe kuwwa. Ban ga hikimar haka ga mai ƙaramin ƙarfi ba.

Kasuwar yau ta fi ta kowane lokaci sauƙi. Ibanez ta Japan, wadda ta daɗe tana yi wa George Benson jita, tana da jerin Artcore na 'yan ɗaruruwan daloli. Epiphone, tsohuwar kishiyar Gibson da ta koma ƙarƙashin gida ɗaya da ita a 1957, ta fitar da mai ɗauke da sunan Joe Pass. Godin ta Kanada tana yin 5th Avenue da fallayen icen ceri. Wanda kuma ya nace sai sassaƙaƙƙiya, kamfanin Eastman, da Qian Ni ya kafa a 1992 yana yin biyolin a Beijin, ya juya ƙwarewar ma'aikatansa zuwa jita, farashinsa kuma ɗan kaso ne na abin da masassaƙan Amurka ke karɓa. A lura da kalaman masu talla: tsantsar ice ba lallai yana nufin sassaƙaƙƙe ba, domin ana iya turara falanki guda a matse shi ya yi doro. Ba laifi ba ne, amma kada a biya shi kuɗin sassaƙa.

Inda na fi jin tsoro wa mai saye shi ne tsofaffin jitoci masu arha. Kamfanonin Harmony da Kay na Chicago sun yi su da ɗimbin yawa daga shekarun 1930 zuwa 1960, a Jamus ma Höfner da Framus sun yi nasu. Suna da kyan gani, wasu da daɗin murya, ga ƙwarjinin tsufa. Sai dai da yawa daga cikin masu arhar ba su da sandar ƙarfen nan da ake juyawa a cikin wuya don miƙe shi. Shekara sittin tsarkiya na ja, wuyan ya ɗago, tsarkiya ta yi nesa da yatsa. Gyaran shi ne a cire wuyan a sake dasa shi, aikin da sau da yawa ya fi kuɗin jitar, kuma ba kowane gari ke da mai iya shi ba. Akwai gwaji mai sauƙi: a dubi jakin. In an riga an sauke shi har ƙasa amma tsarkiya na nan sama, wuyan ya tafi. A kuma duba ko doron ya lotsa a ƙarƙashin jakin, alamar cewa katakon da ke tallafe da fuska daga ciki ya saki.

Ga wanda zai shigo da ita Kano ko Damagaram ko Sakkwato, akwai ƙarin dalilin son filawud. Masu yin jita suna aikinsu ne a ɗakin da damshin iska ke wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu namu yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Tsantsar ice yana tsukewa, fuskar ta tsage, yawanci daga bakin tsagar nan biyu inda ta fi rauni. Fallayen da aka gicciya jijiyoyinsu suna riƙe juna, sun fi jurewa. Mai sassaƙaƙƙiya dole ya riƙa ajiye ta cikin akwatinta a rufe, da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji, kada kuma ya bar ta cikin mota a rana, domin zafi na narkar da gam.

Abin da ya rage a aljihu a kashe shi wajen saiti. Jitar dala 500 da aka daidaita wuyanta, aka goge bakin ƙarafan matakanta, aka sa mata tsarkiyoyi masu santsi da ɗan kauri irin na 'yan jaz, za ta fi daɗin hannu a kan ta dala 3,000 da aka bari yadda ta zo. Kuma ranar canza tsarkiya a bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka kwance su gaba ɗaya jakin zai faɗi, in kuma bai koma daidai inda yake ba, ko an ɗaure tsarkiya daidai muryoyin sama za su riƙa fita a karkace.