Gudun Jirgin Ƙasa da Karkatar Igiyar Waya

A shekarar 1842 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, wanda ke koyarwa a birnin Firag, ya bayyana cewa igiyar sauti ko ta haske tana canza yawan kaɗawarta idan mai aika ta da mai karɓarta suna kusantar juna ko suna nisantar juna. Bayan shekara uku, a 1845, Buys Ballot na ƙasar Holan ya jarraba maganar: ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa kusa da Utrecht, ya tsayar da masu kunnen kiɗa a bakin hanya. Sautin ya ƙara siranta yayin da jirgin ke tahowa, ya yi kauri bayan ya wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi mota ta wuce shi tana oda, ya ji wannan da kunnensa.

Igiyar rediyo da wayar hannu ke aiki da ita ba ta kuɓuta daga wannan doka ba. Lissafinta kuwa ba shi da wuya. A ɗauki gudun abin hawa, a raba shi da gudun haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa, sa'an nan a ninka da yawan kaɗawar igiyar. Mota mai gudun kilomita 100 a sa'a, da igiya mai kaɗawa sau miliyan 900 a daƙiƙa, karkatarta ba ta wuce kaɗawa 83 ba, kuma wayar tana shanye wannan ba tare da mai ita ya sani ba. Amma jiragen da ke tafiya tsakanin Beijin da Shanghai a ƙasar Sin, bisa hanyar da aka buɗe a 2011, sun koma gudun kilomita 350 a sa'a tun 2017. A irin wannan gudu, igiya mai kaɗawa sau miliyan 2,000 takan karkata da wajen 650.

Wannan adadi ƙanƙane ne idan aka gwada shi da miliyan dubu biyu. Abin da ya ba shi nauyi shi ne yadda aka tsara hanyar 4G. Ana rarraba saƙo ne a kan siraran igiyoyi masu yawa, jere kusa da juna, tsakanin kowace da maƙwabciyarta kaɗawa 15,000 kacal. In suka goce daga gurbinsu, sai kowace ta shiga gonar 'yar'uwarta, saƙo ya cakuɗe. Ga kuma wata matsala da ba kowa ke lura da ita ba: wayar tana saita kanta ne bisa igiyar da ta ji daga turken sadarwa, wadda ta riga ta karkata, sa'an nan ta mayar da amsa, amsar ma ta sake karkata a hanya. Saboda haka abin da ke isa ga turke ninki biyu ne, kimanin 1,300, kusan kashi 9 cikin 100 na tazarar nan.

Maganin farko shi ne awo. A cikin kowane saƙo ana cusa wasu alamomi waɗanda mai aikawa da mai karɓa suka san siffarsu tun da fari. Na'ura takan duba yadda alamar ta juya tsakanin zuwanta na farko da na biyu, ta gane yawan karkatar, ta ɗebe shi. Da a ce karkatar tana tsayawa wuri ɗaya, da magana ta ƙare a nan.

Ba ta tsayawa. Jirgin yana cin mita 97 a daƙiƙa. Idan turke na nesa da dogo da mita 50, to cikin daƙiƙa biyu ko uku karkatar za ta tashi daga ƙari ta koma ragi, a daidai lokacin da jirgin ya gifta. Awon da aka yi ɗazu ya tsufa kafin a yi aiki da shi. Bugu da ƙari, igiyar ba ta bin hanya ɗaya. Wani sashe nata yakan bugi tsauni ko gini ya dawo ta wata kusurwa, da tasa karkatar daban. Adadi ɗaya ba ya gyara karkata goma. Abin da ya rage shi ne a yawaita alamomin awo, kuma kowace alama da aka ƙara gurbin saƙon mutane ta ci. Wannan ciniki ne wanda babu dabarar da ta kawar da shi gaba ɗaya. Tsarin 5G ya rage zafinsa ta hanyar faɗaɗa tazarar igiyoyin zuwa 30,000 ko 60,000 ko 120,000, an kuwa gindaya masa sharaɗin yin aiki har a gudun kilomita 500 a sa'a.

Kada a ɗauka hirar fasinjoji kaɗai abin ya shafa. A wasu manyan hanyoyin dogo na Turai da na Sin, izinin da ake ba direba ya ci gaba da tafiya ta rediyon GSM-R yake isowa. In layin ya yanke fiye da lokacin da aka ƙayyade, na'urar jirgin na iya taka burki da kanta.

Taurarin ɗan'adam masu shawagi kusa da ƙasa sun kai lamarin wani matsayi dabam. Gudunsu ya haura kilomita 7 a daƙiƙa, karkatar kuwa takan kusanci 50,000, fiye da tazarar igiyoyin 4G sau uku. A nan awo bayan isowar saƙo bai isa ba. Ƙa'idar da ƙungiyar 3GPP ta kammala a 2022 ta ɗora nauyin a kan wayar: ta san inda take ta hanyar GPS ko makamancinsa, tauraron kuma yana sanar da matsayinsa da gudunsa, sai ta lissafta karkatar tun kafin ta aika, ta goce da igiyarta da gangan daidai wannan gwargwado, don ta isa sama a gurbin da ake jiranta.