TAKARDAR DA KE IYA HANA MAI GIDA BA DA HAYA A INGILA

A ƙasar Ingila, duk wanda ya tashi sayar da gidansa ko ba da shi haya, tilas ne ya nuna wata takardar shaida wadda ke bayyana ko gidan mai cin wuta da gas ne ko kuwa mai tsimi. An fara da gidajen sayarwa a cikin shekarar 2007, na haya suka biyo baya a 2008, bisa ga wata doka da Tarayyar Turai ta kafa a 2002.

Yadda abin yake shi ne, wani ma'aikaci mai izini zai zo ya dubi bango da rufi da tagogi da na'urar ɗumama ɗakuna, sa'an nan ya ba gidan maki. Gidan da ya sami maki 92 zuwa sama shi ne ke da harafin A, mai launin kore. Wanda bai wuce 20 ba kuwa sai ya tashi da G, ja wur. Takardar takan yi aiki har shekara 10.

Da fari dai ba ta wuce ado ba, amma tun daga watan Afrilu na 2018 aka hana shigar da sabon ɗan haya gidan da bai kai matsayin E ba, a 2020 kuma hanin ya haɗa har da gidajen da ke da mutane a ciki. Dalili kuwa a fili yake: mai gida ne ke da ikon gyara, ɗan haya ne ke biyan kuɗin gas, ga shi kuma sanyin hunturu na can yana kashe tsofaffi. Sai dai an yi wa masu gidaje sassauci, ba a tilasta musu kashe fiye da fam 3,500 wajen gyaran.

Inda takardar ta yi rauni shi ne, lissafi ne kawai, domin ma'aikacin ba ya fasa bango ya ga abin da ke ciki. Jamusawa sun fi tsanantawa a ma'auninsu mai suna Passivhaus, wanda Dokta Wolfgang Feist ya gina gidan farko a kansa a birnin Darmstadt a 1991. Ƙa'idarsa ita ce kada ɗumama gida ya ci fiye da awar kilowat 15 a kowace murabba'in mita a shekara, kuma kafin a ba da shaida sai an kafa fanka a bakin ƙofa an gwada yawan iskar da ke sulalewa. Amma shi wannan ma'auni ganin dama ne.

A nan Nijeriya, inda zafi ne abokin gaba, Ma'aikatar Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da nata ƙa'idojin a 2017, waɗanda suka shafi girman tagogi da inuwarsu, da kare rufi daga zafin rana, da fitilu, da na'urorin sanyaya ɗaki.