Gadar da ke Tsakanin Tsohuwar Manhaja da Sabuwa

A bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati da dama na duniya, ainihin littafin lissafi yana ƙunshe ne cikin tsohuwar manhaja, galibi wadda aka rubuta da harshen COBOL, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1959. Shi kuwa akawu ko manaja, sabuwar manhaja irin su Excel ce a kan teburinsa. Babban aikin shi ne yadda bayanai za su riƙa ƙetarawa daga waccan zuwa wannan cikin hanzari, ba tare da ko kwabo ya salwanta a hanya ba.

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a yi watsi da tsohuwar kawai? Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ƙa'idojin kuɗin ruwa da haraji da rangwame na shekaru aru-aru duk suna dunƙule a cikinta, kuma sauya ta ba ƙaramin haɗari ba ne. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun jama'a zuwa sabon tsari, aikin ya cije, mutane kimanin miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu ta intanet. Lamarin ya ci wa bankin kusan fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester kuma ya sauka daga muƙaminsa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka gwammace su gina gada.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta fayil. Tsohuwar manhaja ta zuba bayananta layi-layi, da waƙafi tsakanin kowane adadi, wato tsarin CSV, sabuwar kuma ta ɗauka. Tana da arha, to amma idan sau ɗaya ake zubawa a rana, lissafin jiya manaja ke kallo.

Hanya ta biyu ita ce sabuwar manhaja ta shiga rumbun bayanan kai tsaye. Ƙa'idar ODBC da kamfanin Microsoft ya fitar a 1992 ta sauƙaƙa hakan. Illarta ita ce, idan aka bar sabuwar ta yi rubutu a rumbun, tana iya tsallake binciken da tsohuwar ke yi kafin ta amince da kowane ciniki.

Ta uku kuwa, manhajojin biyu su riƙa aika wa juna saƙo nan take. Tsarin DDE, wanda ya zo da Windows 2.0 a 1987, shi ne dillalan hannun jari suka daɗe suna amfani da shi don farashi ya riƙa sauyawa da kansa a cikin Excel. Sai dai 'yan damfara sun mayar da shi ƙofar shigo da mugayen manhajoji, har Microsoft ya toshe shi a cikin Word a watan Disamba na 2017.

Kowace hanya aka bi, a kan gadar ne asara ta fi aukuwa, kuma sau da yawa a ɓoye. A 2020 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila tana karɓar sakamakon gwajin korona cikin fayilolin CSV, tana juye su cikin tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da fayil ya cika, ragowar sai ta zube. Masu ɗauke da cutar 15,841 ne suka ɓace daga ƙidaya na ɗan lokaci, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin irin wannan aiki, ya kamata ya nemi amsar abu uku. Wace manhaja ce ke da ikon ƙarshe idan lissafi ya saɓa? Shin ana ƙirga layukan da suka fita da waɗanda suka isa, tare da jimillar kuɗinsu, a kowane zubi? Wa ake sanarwa idan adadin bai zo daidai ba? Sai an gamsu da waɗannan sannan a shiga maganar hanzari, domin sauri kan haifi nawa.