Daga Candido zuwa Dadiyata: me ya sa marubuta ke sakaya sunayensu?

Shekaru da dama masu karanta jaridar New Nigerian, wadda aka fara bugawa a Kaduna a watan Janairun 1966, suna ɗokin shafin wani marubuci mai suna Candido. Babu mahaluƙi mai wannan suna. Manyan editocin jaridar, irin su Adamu Ciroma da Mamman Daura, su ake dangantawa da rubutun, kuma alƙalamin ya yi ta sauya hannu ba tare da sunan ya sauya ba.

Dalilin a bayyane yake. Jaridar mallakar gwamnati ce, mulkin kuma na soja. Editan da ke karɓar albashi daga hukuma ba zai caccaki gwamna da sunansa na yanka ba, sai dai ya fake bayan wani suna. Hukuma na iya sanin mai rubutun, amma sakayawar kan bar wa kowane ɓangare hanyar kauce wa fito-na-fito.

Ba tsoron hukuma kaɗai ke sa a ɓuya ba. A Ingila, Mary Ann Evans ta ɗauki sunan namiji, George Eliot, don kada a raina littattafanta. A nan kuwa, da dama daga cikin matan da ke rubuta labaran soyayya a Wattpad da WhatsApp kan sa hannu da "Maman wance" ko "Ummu wane", gudun surutun dangin miji. Wanda ya tuna yadda aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 ba zai ga laifinsu ba. Wasu laƙabin ma kasuwa ce kawai: kowa ya san Anti Bilki ita ce Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Sai dai laƙabi ba sulke ba ne. Abubakar Idris, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya shahara a shafukan sada zumunta da sunan Dadiyata, yana sukar masu mulki. A watan Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke shi daga gidansa da ke Barnawa, kuma har yau babu ɗuriyarsa.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi damuna. Candido yana da adireshi: ofishin jaridar na kan titin Ahmadu Bello, kuma wanda aka ɓata wa suna ya san editan da zai maka a kotu. Matashin Unguwar Shanu da ke karanta zargi a Facebook daga wani shafi marar fuska bai san ko mai fallasa gaskiya ne ke magana ba, ko sojan baka da ɗan siyasa ke saya wa data.

Hukuma kuwa ta fi shi hanyar sani. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma da layin waya ake buɗe yawancin waɗannan shafuka.