Jan jatan lande da gwaiduwar ƙwai: launin da ake saye da kuɗi

Duk mai kai kiret ɗin ƙwai wurin mai shayi a Wurno ko Rabah ya san ƙorafin nan: "Alhaji, ƙwanka gwaiduwarsa fara ce, kamar kajin ba su da lafiya." Wani mai sayen ma sai ya nemi ragi a kan haka. Idan aka fasa ƙwan zabi na damina kusa da shi, sai ka ji kunya, domin nasa ja ne jawur. To kajin lafiyarsu lau. Abin da ya yi ƙaranci a abincinsu wani sinadari ne mai suna karotinoyid, kuma cikin masu zuba kuɗi a kansa akwai masu kiwon jatan lande a ƙasashen waje. Shi ya sa zan bi ta wajensu kafin in dawo gida.

Jatan lande shi ne ƙaramin abin ruwan nan da ake kawo mana busasshe daga kudu, mata na dakawa a miya. A Indiya, Biyetnam, Tailan da Ekwado kuwa manyansa ake kiwo a tafkuna, ana fitarwa Turai, Amurka da Sin. Mai saye a can da ido yake fara ciniki: wanda ya yi ja sosai bayan dahuwa ya fi kuɗi. Wannan ja sunansa astazantin, ɗaya daga cikin dangin karotinoyid. Yana nan a ɓawon dabbar tun tana da rai, amma wani furotin ya riƙe shi, sai ta fito toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Da zafi ya taɓa furotin ɗin sai ya sake shi, jan ya bayyana.

Jatan lande ba ya iya ƙera sinadarin nan daga babu. Kaza ma haka, kifi ma haka. Tsirrai da gansakuka ne ke yin sa, dabba kuma sai ta ci. A teku yana samu daga ƙananan halittun da yake ci. A tafkin da aka cunkusa shi kuwa, abin da aka zuba masa shi ke nan. Idan abincin babu karotinoyid, wani nau'i mai zane irin na damisa yakan koɗe ya koma shuɗi, farashinsa ya faɗi. Don haka kamfanonin abinci ke sa kamar miligiram 50 zuwa 100 na astazantin a kowane kilo, na masana'anta ko wanda aka tatsa daga gansakukar da ake nomawa don haka. Ku duba ƙanƙantarsa: giram 50 zuwa 100 a tan guda, amma yana cikin kayan haɗi mafi tsada. Kuma ba ado kaɗai ba ne. An ga yana taimaka wa dabbar jure wahala, kamar ƙarancin iska a ruwa, kuma iyaye da suka samu isasshe ƙwayayensu sun fi ƙyanƙyashewa. Masu kiwon kifin salmon a Norway su ma da shi suke jan naman kifinsu.

To mu dawo gabashin Sakkwato. Mu ba mu da ruwan gishiri, tarwada da ƙarfasa muke da su a kogin Rima da madatsar Goronyo, sai kaji. Zabuwa da kazar Hausa suna tsintar ɗanyar ciyawa da fara da ƙwari da damina, daga nan jan gwaiduwarsu yake. Kazar gidan gona tana kulle, kuma idan masara ta yi tsada mukan koma farar masara, farar dawa, gero da dusa. Duk suna ba da ƙarfi, amma launi kusan babu. Jar masara ita ke ɗauke da lutin da ziyazantin, masu rina gwaiduwa. Dawa ƙaura, wadda cikinta rawaya ne, tana da nata kaɗan, ba ta kai masara ba, sai dai ta fi farfara. Akwai kuma irin masara mai ruwan lemo da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar tare da IITA ta Ibadan, irin su SAMMAZ 38 da 39. Don mutane aka yi su, saboda bitamin A, amma kaza ma tana amfana.

Ni a ganina mafi sauƙi gare mu shi ne zogale. Kilo 2 zuwa 5 na garin busasshen ganye a cikin kilo 100 na abinci ya wadatar. Kada a ce tunda yana da kyau bari a cika, domin idan ya yi yawa kaji sukan rage ci, ƙwai ya ragu, ka sayi launi ka rasa kiret. Kuma a inuwa ake shanya shi. Rana da zafi suna cinye karotinoyid, ganyen da ya koɗe ya zama ruwan ƙasa ya riga ya zubar da abin da ake nema. Garin ma kar ya shekara a buhu. Ga kuma tattasai da barkono da ake nomawa a fadamunmu: wanda ya karye ko ya faɗi a kasuwa, in dai bai yi fumfuna ba, ɗan garinsa yana ƙara wa gwaiduwa ja a kan rawayan. Kada ku ji tsoron yaji, tsuntsu ba ya jin sa kamar mu. Karas da manja kuwa, nasu yawanci kaza na mayar da shi bitamin A ne, ba ya rina ƙwai sosai. Shi jatan lande ya fi ta dabara a nan, yana iya juya irin wannan ya zama astazantin.

Kada a fasa ƙwai washegari a ce bai yi aiki ba. Gwaiduwa takan ɗauki mako guda zuwa kwana 10 tana taruwa a cikin kaza, don haka a ba shi mako biyu. Kuma sinadarin da mai yake tafiya: abincin da babu maiƙo a ciki, ko kazar da hanjinta ya lalace da zawon jini, ba za ta tsotse shi ba. Idan abinci bai canza ba amma gwaiduwa da ƙafafu suka koɗe gaba ɗaya, a nemi likitan dabbobi kafin a nemi zogale.

Masu tarwada, ku kam ku riƙe kuɗinku. Kifin da za a yi bandarsa ko a jefa a farfesu babu mai tambayar launin namansa, kuma babu mai ƙara maka naira ɗaya a kilo. Inda zan yarda a kashe ɗan abu shi ne wajen iyayen kifi da ake shirin matse wa ƙwai, tunda ingancin ƙwan da abincin uwa yake tafiya. Ƙarar jatan lande da ta zube a gindin buhu a kasuwa tana da furotin da astazantin, ana iya haɗa musu kaɗan, amma a shinshina, a duba gishiri da yashi.

Akwai garin rini da wasu ke yawo da shi a leda babu suna babu lamba, wai yana jan ƙwai cikin kwana uku. A 2006 an kama ƙwan agwagwa masu jar gwaiduwa a ƙasar Sin, ashe rinin masana'anta mai suna Sudan aka zuba wa agwagin a abinci, wanda aka haramta a abincin mutane saboda zargin yana jawo ciwon daji. Wanda zai sayi na kanti ya nemi mai lambar NAFDAC, ya karanta adadin da aka rubuta, sannan ya gwada a keji ɗaya tukuna, ya lissafa ko abin da mai shayi zai ƙara a kiret ya biya kuɗin garin.